Masallacin Juma'ar Zariya da Hannun Babban Gwani

Wanda ya taso daga Samaru ko Sabon Gari ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka, ya miƙe zuwa Ƙofar Fada, zai tarar da babban masallaci na siminti. Baƙo kan ɗauka shi ke nan. Alhali a cikinsa akwai wani masallacin, na ƙasa, wanda ya doshi shekara 200.

An gina shi ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, na gidan Katsinawa, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A lokacin, jihadi ya kafu, birni na bunƙasa, ana son masallacin da ya dace da masarauta. Aka damƙa aikin ga Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani Mika'ilu.

Tubali, azara da ƙasa kawai ya yi amfani da su. Azarar giginya ba ta iya ɗaukar nauyi a kan tazara mai faɗi, sai ya riƙa jera ta hawa-hawa, kowace ta ɗan zarce ta ƙarƙashinta, ana ɗaurewa ana shafe ta da ƙasa, har bakan gizo ya tashi daga ginshiƙi ya tarye ɗan'uwansa a sama, ya tallafi rufin. Ginshiƙan kuma ya zana su da zane mai zurfi. A harabar ya tanadi wurin alwala da zauren shari'a. Gaskiya, a ginin ƙasar Hausa da wuya a nuna na biyunsa.

Masu ba da tarihin baka sun ce daga baya ya yi wa Sarkin Birnin Gwari gini, aka kashe shi don kada ya ƙara yin irinsa a wani gari.

Da jama'a ta ƙaru, a shekarun 1970 aka tayar da sabon gini ya lulluɓe tsohon. An yi asarar wani ɓangare, abin takaici ne, amma zauren salla ya tsira daga ruwan sama. Zbigniew Dmochowski, masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, ya auna masallacin ya zana fasalinsa, aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Ɗaliban zanen gini na Jami'ar Ahmadu Bello kuwa asalin ne a kusa da su, kuma har yau suna nazarinsa.