Jan Layi a Allon Kula: Nazari Kan Gano Dalilin Gazawar Girka Manhaja a Kwamfutocin Kamfani

A kamfanin da ke da kwamfuta dubu biyu ko uku, ba mai bin ofis-ofis da faifai a hannu yana girka manhaja. Ma'aikaci ɗaya a sashen fasaha ne zai haɗa ƙunshin manhajar, ya zaɓi rukunin kwamfutocin da za su karɓa, ya tsayar da lokaci, ya tafi gida. Kamfanin Microsoft ya fara sayar da irin wannan tsari a 1994 da sunan SMS, ya sauya masa suna zuwa SCCM a 2007, yau kuma ana kiransa Configuration Manager. Daga 2011 Intune ya shigo, yana yin kusan aikin nan ta intanet. Washegarin tura ƙunshin, ma'aikacin ya buɗe allon kula, ya tarar galibin kwamfutocin sun yi kore, wasu kuma ja, an rubuta sun gaza. Abin da wannan nazari ya tsaya a kai shi ne cewa allon ba ya ganin kwamfutar da idonsa. Saƙo ne aka aiko masa, kuma ɗan aiken yana faɗar abin da aka koya masa ya kira nasara ko gazawa ne kawai.

Ɗan aiken nan wata ƙaramar manhaja ce da ke zaune a kowace kwamfuta, bari mu kira ta wakili. A Configuration Manager, idan ba a sauya saiti ba, wakilin yana tuntuɓar uwar garke duk minti 60 ya ji ko akwai sabon umarni. Idan ya samu, sai ya tambayi rumbun da zai ɗebo ƙunshin, ya sauke shi a wata ma'ajiya mai suna ccmcache, ya kunna umarnin girkawa, daga ƙarshe ya duba ko manhajar ta zauna. A kowane mataki abin na iya tsinkewa, amma galibi sukan bayyana da launi ɗaya a allon. Shi ya sa tambayar farko ga mai bincike ita ce: a ina tafiyar ta tsaya?

Matakan farko ba su cika wahalar da mutum ba. Kwamfutar da aka kulle a durowa tun da mai ita ya tafi hutu ba ta ji umarnin ba balle ta bi. Wadda aka kai sabon reshe, ba a kuwa sanar da tsarin adireshin hanyar sadarwar reshen ba, ba ta san rumbun da za ta nufa ba, sai ta dawo da lamba 0x87D00607, ma'ana ba a sami kayan ba. Ma'ajiyar ma tana da iyaka, megabait 5120 ne a saitin asali, ƙunshin da ya fi haka ba shi da wurin sauka. Waɗannan biyun na ƙarshe a rubuce suke cikin kundayen da wakilin ke ajiyewa a C:\Windows\CCM\Logs, irin su LocationServices.log da CAS.log. Gani ya kori ji. Minti biyar da kundin ya fi awa guda ana hasashe a gaban allo.

Inda gizo ke saƙar shi ne lokacin girkawar kanta. A nan ne ake yawan jin ma'aikaci na rantsuwa cewa ya gwada a tasa kwamfutar, ta yi lafiya lau. Gaskiya yake faɗi, sai dai ba gwaji ɗaya suka yi da wakilin ba. Shi ya girka da asusunsa, yana zaune yana kallo. Wakili kuwa galibi da asusun SYSTEM yake aiki, asusun da ke da cikakken iko a kan kwamfutar amma baƙo ne a sauran wurare: ba ya ganin rumbunan hanyar sadarwa da ma'aikaci ya jingina wa haruffa, kuma duk abin da ya rubuta a ɓangaren mai amfani yana faɗawa ne a nasa ɓangaren, wanda ba ɗan Adam ɗin da zai taɓa buɗewa. Abin da ya fi ban haushi, idan manhajar ta fito da akwatin tambaya tana jiran a danna amincewa, akwatin yana fitowa ne a wani zaure da ba kowa a ciki. Haka za ta zauna jira har wa'adin da aka ɗiba ya cika, minti 120 a saitin asali, sannan a rubuta ta gaza. Maganin wannan sananne ne: a yi gwajin da PsExec, ɗaya daga kayan aikin Sysinternals na Mark Russinovich, wanda ke ba mutum damar kunna umarni da asusun SYSTEM, ya ga abin da wakilin ke gani.

Sai lambobin da mai girkawa ke mayarwa idan ya gama. A tsarin Windows Installer, 0 nasara ce. 3010 ma nasara ce, sai dai tana neman a sake kunna kwamfuta. 1618 na nufin akwai wata girkawar da ke gudana, a jira ta. Ita kuwa 1603, wadda ta fi kowace suna a bakin ma'aikatan fasaha, ba ta cewa komai illa an yi mummunan kuskure. Tsohuwar sigar manhajar da ta ƙi fita, faifan da ya cika, fayil ɗin da wata manhaja ta riƙe, duk 1603 za su haifar. Wanda ya kwafe lambar ya shiga neman ta a intanet zai sami dalilai ashirin, kowanne gaskiya ne a kwamfutar wani. Hanyar da ta fi ita ce a sa msiexec, umarnin Windows Installer, ya rubuta cikakken kundi, a nemi inda aka rubuta "Return value 3", a karanta layukan da ke samansa, domin a nan aikin da ya faɗi yake.

Akwai wani tarko kuma da masu haɗa ƙunshi ke ɗana wa kansu. Sukan naɗe mai girkawar a cikin wani rubutun umarni, don ya rufe wasu manhajoji kafin a fara ko ya goge wasu fayiloli bayan an gama. Lambar da wakili zai karɓa ta rubutun ce, ba ta mai girkawar ba. Idan rubutun bai miƙa lambar gaskiya ba, girkawa na iya rushewa a tsakiya, shi kuwa ya kai layinsa na ƙarshe lafiya ya ce 0.

A ganina, matakin ƙarshe ne ya fi fallasa yadda tsarin yake. Bayan girkawa, wakilin yana bin wata ƙa'idar ganowa da ɗan Adam ya rubuta: ya duba ko fayil kaza na nan, ko wata shaida a rajistar Windows, ko lambar samfurin. In bai gani ba, Configuration Manager ya ce 0x87D00324, Intune kuma 0x87D1041C, dukansu ma'anarsu an girka amma ba a gano ba. Sau tari manhajar na nan daram, ma'aikaci ma yana aiki da ita. Ƙa'idar ce ta leƙa inda ba nan ba, misali manhaja mai bit 32 da ta rubuta shaidarta a ƙarƙashin WOW6432Node alhali ana neman ta a ɓangaren 64. Ko kuma ƙa'idar ta ce sai siga kaza daidai, manhajar kuwa irin mai sabunta kanta ce, kamar Chrome. Da ta ƙara gaba sai wakili ya ɗauka ta ɓace, ya sake yunƙurin girka tsohuwar. Kwamfutar lafiyarta ƙalau, ma'anar nasara ce aka rubuta ba daidai ba.

Allon yana da amfaninsa idan aka karanta shi a dunƙule. Gazawar da ta taru a reshe ɗaya tana nuna hanyar sadarwa ko rumbu. Wadda ta bi samfurin kwamfuta ɗaya tana nuna direban na'ura. Wadda ta warwatsu nan da can, sai a bi ta ɗaya bayan ɗaya.

Duk wannan binciken ya dogara ne da sharaɗi guda, wato kwamfutar na iya tashi ta amsa kira. Ranar Juma'a 19 ga Yulin 2024 ta nuna abin da ke faruwa idan sharaɗin ya faɗi. Da ƙarfe 5:09 na asuba agogon Najeriya, kamfanin tsaron kwamfuta na CrowdStrike da ke Amurka ya tura wa manhajarsa ta Falcon wani ɗan fayil ɗin saiti, wanda aka sani da lamba 291. Binciken kamfanin ya nuna cewa an tsara abin zai karɓi bayanai 21, amma 20 ake ba shi, da ya miƙa hannu ga na 21 sai ya karanto wajen iyakarsa. Da yake Falcon a can cikin ƙwaryar Windows yake aiki, kuskurensa ya kayar da tsarin gaba ɗaya, allo ya koma shuɗi, kwamfuta ta riƙa tashi tana faɗuwa. Cikin minti 78 aka janye fayil ɗin, amma Microsoft ya ƙiyasta na'urori miliyan 8.5 sun riga sun kamu. Kamfanin jiragen sama na Delta kaɗai ya soke tashi kusan 7,000.

Abin lura ga mai nazari shi ne ba a daɗe ba aka san dalilin, gyaran kuma bai wuce goge fayil ɗaya mai farawa da C-00000291 ba. Amma wa za a aika? Wakilin da zai karɓi umarnin yana cikin kwamfutar da ta ƙi tashi. Dole ma'aikata suka koma tafiya da ƙafa, kwamfuta bayan kwamfuta, suna tayar da ita a yanayin kariya. Inda aka kulle faifai da BitLocker kuwa, sai an shigar da mabuɗi mai lamba 48 tukuna, kowace kwamfuta da nata. Ba wannan ne karon farko ba: a Afrilun 2010 sabuntawar McAfee mai lamba 5958 ta ɗauki svchost.exe, fayil ɗin Windows XP na asali, a matsayin ƙwayar cuta, aka sha irin wannan zirga-zirga. Bayan abin da ya faru, CrowdStrike ya yi alkawarin riƙa tura irin waɗannan fayiloli kashi-kashi, a fara da 'yan kwamfutoci kaɗan a ga yadda za ta kaya, abin da duk mai haɗa ƙunshi a ƙaramin kamfani ya san shi ne ƙa'ida, ko da gaggawa takan sa ya tsallake. Sai ranar 25 ga Yuli shugaban kamfanin, George Kurtz, ya sanar cewa sama da kashi 97 cikin ɗari na kwamfutocin Windows masu ɗauke da Falcon sun dawo kan layi, kwana shida bayan fayil ɗin da bai cika awa ɗaya da rabi a waje ba.