Asalin WhatsApp da muke riƙe da ita

Kullum muna aika saƙon murya daga Maraɗi zuwa Damagaram, amma mun san mafarin WhatsApp?

Jan Koum ɗan Yukren ne, ya yi ƙaura zuwa Amurka yana shekara 16. Shi da Brian Acton sun yi aiki a Yahoo. A 2009 Koum ya kafa ɗan ƙaramin kamfaninsa. Da farko manhajar tana nuna halin da mutum yake ciki ne kawai, ba ta karɓu ba. Sai da aka mayar da ita hanyar aika saƙo jama'a suka yi mata caa.

A wancan lokacin ba su sa talla ba, dala ɗaya suke karɓa a shekara, har zuwa 2016. A 2013 suka ƙara saƙon murya, wanda ya buɗe ƙofa ga iyayenmu da ba su yi boko ba. A 2014 Facebook ya saye ta kan dala miliyar 19, ma'aikatanta 55 kacal.

Daga baya dukansu biyu suka bar kamfanin bayan saɓani kan talla da sirrin jama'a. Wannan sirrin kuwa namu ne.