Tarihin Nazarin Niyyar Magana Wajen Koyon Harshe na Biyu

1.0 Gabatarwa

Malaman harshe sun daɗe da sanin irin ɗalibin da ke cin jarrabawar nahawu, amma da zarar an nemi ya buɗe baki sai ya yi gum. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda fahimtar masana game da wannan shiru ta sauya.

2.0 Shiru a Matsayin Hali

Nazarin ya faro ne a Amurka, kuma a kan harshen uwa. A 1976 Burgoon ta yi rubutu kan ƙin magana, sannan a 1985 McCroskey da Baer suka fito da ra'in niyyar magana. A wurinsu wannan hali ne da mutum ke tafe da shi duk inda ya shiga.

3.0 Darasin Kanada

A 1965 aka fara wani shiri a garin St. Lambert, kusa da Montreal, inda ake koyar da 'ya'yan masu magana da Ingilishi darussansu cikin Faransanci. Bayan shekaru sai aka lura cewa yaran suna jin harshen sosai, amma maganarsu ba ta kai ta masu harshen ba. A 1985 Swain ta danganta hakan da ƙarancin damar yin doguwar magana a aji. A ganinta sauraro kaɗai bai wadatar ba, domin sai mai koyo ya yunƙura zai faɗi abu yake gane giɓin da ke cikin saninsa.

4.0 Dalar 1998

A 1998 MacIntyre da Clément da Dörnyei da Noels suka tsara dalilan niyyar magana cikin siffar dala mai hawa 6. Hawa 3 na ƙasa sun ƙunshi abubuwa masu ɗorewa, kamar halin mutum da dangantakar al'ummomin harsunan biyu da ƙaimin koyo. Kusa da ƙololuwa kuwa akwai abubuwa masu sauyawa nan take: sha'awar magana da wani takamaiman mutum, da natsuwar mai koyo a wannan lokacin. Ke nan ɗalibi ɗaya yana iya zuba a kasuwa, ya kame a gaban malamin da ke gyara masa kowace kalma.

5.0 Kammalawa

Manufar ilmi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi cewa kowane yaro a Nijeriya ya koyi ɗaya daga cikin Hausa da Ibo da Yarbanci, baya ga harshensa. An ba da ƙarfi ga manhaja da littattafai, alhali tarihin nan ya nuna cewa shirun ɗalibi ba lallai rashin sani ne ko kunya ta halitta ba. Saboda haka ya kamata masu koyar da harsunanmu su auna nasararsu da yawan ɗaliban da ke fara magana ba tare da an kira sunansu ba.