Ilhami da Hadda: Aikin Ɓoyayyen Tunani a Zangon Kumasi

Tunanin ɗan Adam hawa biyu ne. Akwai na sarari, wanda mutum ke riƙe da akalarsa, kamar lissafin ɗan kasuwa ko nazarin ɗalibi. Akwai kuma na ɓoye, wanda ke aikinsa ba da sanin mai shi ba, sai dai a ga sawunsa: mafarki, suɓutar baki, ko sunan da ya ɓace wa mutum da hantsi ya faɗo masa da la'asar. Sigmund Freud ya yi suna da bayanin wannan hawa na biyu a littafinsa na fassarar mafarki na 1900, amma tun kafin shi malaman Musulunci sun kasa mafarki gida uku: na bushara, na Shaiɗan, da na zancen zuci. Wannan na ukun, wato abin da zuciya ta wuni tana saƙawa, shi ne ya fi kusa da abin da masana halayyar ɗan Adam ke nufi.

Abin tambaya shi ne wane hawa ne ke haifar da ƙirƙira. Masanin lissafin nan na Faransa, Henri Poincaré, ya bayyana a 1908 cewa amsar wata matsala ta faɗo masa yana ɗora ƙafa kan matakalar abin hawa, bayan ya daɗe yana fama da ita har ya ajiye ta. A 1926 Graham Wallas ya tsara lamarin mataki huɗu: shiri, jiƙo, buɗi, da tantancewa. Abin lura shi ne na farko da na ƙarshe duk aikin sarari ne. Ɓoyayyen tunani ba ya dafa abin da ba a zuba masa a tukunya ba.

Makarantar allo ta fi kowane wuri nuna haka, a Zangon Kumasi kamar a Kano. Gardi yana shekaru yana wanke allo, yana tilawa, da gangan kuma da wahala. Idan hadda ta zauna, harshe ne ke tafiya da kansa, hankali na iya kasancewa wani wuri. Kuskurensa ma yana da tsari: yakan zame daga wata aya zuwa mai kama da ita a wata sura mai nisa, abin da malamai ke kira mutashabihai. Ba shi ya zaɓi haɗa wuraren biyu ba. Can ciki wani abu ya jera su kusa da juna saboda kamar sauti. Wannan haɗa abubuwa masu nisa, wanda aibi ne a tilawa, shi ne jarin mawaƙi da maɗinki. Mai surfanin riga ya haddace aska takwas da tambari har hannunsa ya san hanya, sannan wata rana sabon zane ya fito, ya ce an yi masa buɗi. Kiran abin baiwa daga Allah bai ci karo da wannan bayani ba, domin baiwa ma tana sauka ne a gonar da aka share.

Abin da ya bambanta Kumasi shi ne irin kayan da ake zuba wa zuciya. Race Course, tsohon filin sukuwa da ya koma kasuwa da tasha, inda aka mayar da ɗimbin 'yan kasuwa lokacin sabunta kasuwar Kejetia daga 2015, wuri ne da ɗan Zango zai yi ciniki da yaren Tonawa, ya gaisa da Hausa, ya kira farashi da Turanci, ya rufe da addu'a da Larabci, duk a cikin minti ɗaya, ba tare da ya tsaya zaɓe ba. Hausar Zango kanta shaida ce: ta sassauta bambancin namiji da mace a nahawu, har a ce wa mace "ya zo", kuma babu taron da ya zauna ya yanke haka. Mohammed Naseehu Ali, haifaffen Kumasi, ya rubuta The Prophet of Zongo Street na 2005 da Turanci yana zaune a Amurka, amma mai shayi da malamai da gulmar layi da ke cikinsa ajiyar ƙuruciya ce.

Haka kallon duniya yake ginuwa. Zango asalinsa masaukin fatake ne, na masu bin hanyar goro, kuma sunan yana ɗauke da ma'anar wanda bai gama sauka ba. Dokar korar baƙi ta gwamnatin Busia a Ghana a 1969 ta raba gidaje da dama da mutanensu. Jikan da bai ga wannan ba yana iya gadon ɗari-ɗarinsa daga muryar kaka, ya riƙa jin kansa baƙo a garin da aka binne cibiyarsa. Enid Schildkrout ta yi nazarin yadda ƙabilu daban-daban suka zama al'umma guda a nan cikin People of the Zongo na 1978. Irin wannan gado sai an fito da shi sarari ake iya auna shi, a riƙe zumunci da karɓar baƙo, a kuma tuhumi tsoron da ya biyo su.