Tarihin Koyar da Rubutun Latinanci a Makarantun Faransa

A shekarar 1599 ƙungiyar Jezuwit ta cocin Katolika ta fitar da tsarin karatunta mai suna Ratio Studiorum. Tsarin ya tanadi azuzuwa biyar a matakin da a yau ake kira sakandare: uku na nahawu, ɗaya na adabi, ɗaya na balaga. Manufarsa ita ce ɗalibi ya iya rubuta Latinanci da hannunsa, ko da yake harshen ya daɗe da daina zama harshen gida ga kowa.

Hanyar da kwalejojin ƙungiyar suka bi a Faransa ita ce kwaikwayo mataki-mataki. Malami yakan karanta wa yara wasiƙun Sisero, marubucin tsohuwar Rum, ya warware musu ma'ana da ginin jimla. Daga nan sai ya ba su gajeren zance da Faransanci su mayar da shi Latinanci bisa salon da suka gani. Aikin rubutu kusan na kullum ne. Wanda ya ƙware a jimla sai ya wuce zuwa wasiƙa da labari, sannan waƙa, daga ƙarshe jawabi cikakke.

Makarantun gwamnati na ƙarni na 19 sun gaji wannan tafarki. A 1869 Arthur Rimbaud, wanda daga baya ya shahara a waƙar Faransanci, ya lashe gasar ɗalibai yana ɗan shekara 14 da waƙar Latinanci kan Jugurta, sarkin Numidiya a Arewacin Afirka.

Sai dai suka ta yi yawa cewa yara suna ɓata shekaru wajen harhaɗa jimlolin aro. A 1872 ministan ilimi Jules Simon ya ba da umarnin daina waƙar Latinanci a aji. A 1880, zamanin Jules Ferry, aka cire insha'in Latinanci daga jarrabawar kammala sakandare, aka maye gurbinsa da na Faransanci. A 1968 kuma Edgar Faure ya janye Latinanci daga ajin farko na sakandare.

Harshen ya ja baya, amma dabarar ta rayu cikin darasin Faransanci: nazarin nassi, kwaikwayonsa, sannan rubutun kai. Mai koyon rubutun Hausa ma yana iya bin wannan tsani, ya fara da jimlar ƙwararren marubuci kafin ya gina tasa.