Daga Gashin Jimina zuwa Hoto: Tsuntsayen Damargu a Hannun Baƙi

Tun kafin kyamara ta shigo Damargu, ƙasar da a yau ta ƙunshi Tanut da Belbeji a arewacin jihar Damagaram, Turai ta san tsuntsayen yankin ta hanyar fatauci, domin a ƙarshen ƙarni na 19 gashin jimina yana cikin manyan kayan da ayarin Abzinawa ke yi wa Larabawa dako daga garin Jajiduna na Damargu zuwa Tarabulus. Cinikin ya durƙushe bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, matan Turai kuma suka daina yayin gashin a wajajen 1914.

Masu nazari sun biyo sawun fatake, kuma bindiga ce kayan aikinsu na farko. A 1920 Angus Buchanan, mutumin Sikotland wanda Lord Rothschild ya ɗauki nauyinsa, ya ratsa Damargu a kan hanyarsa daga Kano zuwa Abzin, yana harbin tsuntsu, ya feɗe shi, ya cusa wa fatar auduga, sannan ya ɗaura mata ƴar takarda a ƙafa mai nuna rana da wurin da aka same shi. Ernst Hartert ne ya tantance fatun a gidan tarihi na Tring da ke Ingila, ya buga sakamakon a 1921. A lokacin fata ce kaɗai hujja, saboda hoton baƙi da fari ba ya nuna launin gashi, wanda da shi ake rarrabe jinsunan da suka yi kama. Da Buchanan ya dawo a 1922 domin ƙetare Sahara, ya zo da mai ɗaukar sinima, T. A. Glover, aka fitar da majigin a 1924, sai dai kyamarar zamanin, mai nauyi wadda ake murzawa da hannu, ta fi dacewa da raƙuma da ba sa tashi sama. Jimina kuwa daga baya ta ƙare a dazukan Nijar, sai waɗanda ake kiwo a killace a wurare irin su Kelle da ke yankin Gure.

Mai sha'awar ɗaukar hoton tsuntsu a yau yana dogara ne da kyamarar dijital da dogon gilashi mai jawo nesa kusa, galibi na milimita 400 zuwa 600, da tabarau mai hangen nesa, da sanda mai ƙafa uku ta girke kyamara. Amma Damargu ba ta sassauta wa kaya: ƙurar hunturu tana shiga cikin kyamara duk lokacin da aka sauya gilashi, kuma da hantsi ya dubi ludayi hucin ƙasa yakan sa hoton nesa ya yi dishi-dishi, komai tsadar gilashin. Shamuwa, wadda ke sheƙa a itatuwan gari da damina, ba ta ba da wahala. Tuje ne mai tsananin wayo, kuma kusantarsa tana buƙatar haƙurin maharbin Hausa da ke ɗaura kan burtu a goshi ya sunkuya yana tafiya.

Hoton da aka haɗa da rana da wuri yanzu yana shiga rumbun bayanai na intanet mai suna WABDaB, wanda Joost Brouwer da Ulf Liedén suka fara da tsuntsayen Nijar kafin ya faɗaɗa zuwa Burkina Faso da Cadi.