Jatau Na Kyallu: Yadda Manazarta Suka Kalli Wasan Shu'aibu Maƙarfi

"Jatau Na Kyallu" wasan kwaikwayo ne na Shu'aibu Maƙarfi, marubucin "Zamanin Nan Namu", wanda wasanninsa suka fara isa ga jama'a ta rediyo a Kaduna. Bugun kamfanin NNPC na Zariya na 1970 shi ne ya yaɗu a makarantu.

Wasan ya ginu ne a kan Malam Jatau, attajirin da ya toshe kunnensa ga masu ba shi shawara, ya auri Kyallu, mace mai zaman kanta. Auren ya wargaza gidansa, ya kuma cinye dukiyarsa.

Littafin ya samu karɓuwa wurin malamai da ɗalibai, kuma ana lissafa shi cikin ginshiƙan rubutaccen wasan kwaikwayon Hausa. Farfesa Ibrahim Yaro Yahaya ya ambace shi a "Hausa a Rubuce" (1988), Graham Furniss kuma ya taɓo shi a littafinsa na 1996 kan adabin Hausa. Abin da aka fi yabawa shi ne harshensa: zance irin na zaure da kasuwa, mai cike da karin magana da habaici.

Inda ra'ayi ke rabuwa shi ne wurin ɗora laifi. Ana iya karanta wasan a matsayin gargaɗi kan makircin karuwa, kamar yadda aka saba koyarwa. Ana kuma iya cewa Jatau ne ya rushe gidansa da hannunsa, tunda shi ya zaɓa, matansa na gida kuwa suka ɗanɗana kuɗar zaɓin.